Jaka 900 a hannu: kyamara ko shago?

Wani matashi daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Yana da ɗan shago kusa da babbar kasuwa, yana sayar da caja, rigar waya, memori da makamantansu. Ya daɗe yana ɗaukar hoton abokai da 'yan uwa da wayarsa don sha'awa, yana gyarawa yana ɗorawa a Facebook, jama'a suna ta yabo. Ya tara sefa 900,000 daga adashi da ribar shago. Ya ce: "Yaya, so nake in sayi babbar kyamarar Sony, in sayar da kayan shagon in cika kuɗin, in koma ɗaukar hoton biki gaba ɗaya. Me ka gani?"

Ƙanena, kada ka saki reshe ka kama ganye. Sana'ar hoto ka shige ta, ban hana ka ba, amma shagon nan ka bar shi a buɗe, kuma kada kuɗin da za ka zuba da farko ya kai rabin abin da ka tara.

A wasiƙarka ka faɗi yawan masu yabon hotunanka, ba ka faɗi ko mutum ɗaya da ya taɓa ciro kuɗi ya ba ka ba. Wanda ya danna maka alamar so a Facebook bai yi asarar ko dala ba. Ranar da ka ce masa hoto jaka biyu ne, ranar za ka san ko kana da mai saye. Wannan gwajin ba ya buƙatar sabuwar kyamara, ko gobe za ka iya fara shi da wayar da ke aljihunka.

Sannan ka dubi halin kuɗin. Kayan shagonka suna juyawa: ka saro, ka sayar, ka sake sarowa, jarin yana haihuwa sau da yawa a shekara. Kyamara kuwa daga ranar da ka fitar da ita daga kwali darajarta take sauka. Sony A7 III, wadda matasa suka fi ambato, ta fito a 2018 a kan kusan dalar Amurka 2,000, fiye da sefa miliyan ɗaya ke nan, kuma gangar jikin kawai, babu gilashin gaba. Sai ka sayi gilashi, batir na biyu, memori, jaka, fitila, da kwamfutar da za ta iya ɗaukar nauyin hotunanta. In kana duba farashi a shafukan Turai, lissafin ba wuya, tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Abin da aka rubuta yuro 1,000 ya haura jaka 650 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Kuɗinka zai ƙare kana tsaye da rabin kayan aiki, ga shago babu.

Amaryar da ta kira mai hoto ba ta san sunan kyamara ba, ba kuma ruwanta. So take ta ga fuskarta ta yi kyau, lallenta ya fito, launin leshinta bai sauya ba, hoton kuma ya iso kafin ƙawaye su watse. Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, ya buɗe wurin aikinsa a 1948, yawanci a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana. Abin da ya tara shi ne zannuwa masu zane na rufe bango, agogo, alƙalami, rediyo, babur, kayan da mutum zai riƙe ko ya jingina da su ya fito yadda yake so a gan shi. Galibi sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum, don fim kuɗi ne. Sanin haske da sanin yadda ake tsayar da mutum su ne jarinsa.

Ga abin da zan saya da ni ne kai. Kyamara ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, irin su Canon 600D ko 700D, ko Nikon D3300 ko D5300. Sun tsufa, 600D tun 2011 take, amma megafiksel 18 ɗinta ya ishi hoton da za a rataye a falo. Ka haɗa ta da gilashin 50mm mai buɗewa har f/1.8 (gwargwadon ƙanƙantar lambar f, gwargwadon faɗin buɗewar gilashin), wanda yana cikin mafi araha a duk gilasan kamfanonin nan, shi ne kuma ke narkar da abin da ke bayan mutum ya bar fuska tsaf. A kan ƙananan Canon ɗin nan yana aiki kamar 80mm, wato sai ka ja baya kaɗan kafin ka ɗauka, kuma jan bayan nan shi ke hana hanci kumbura kamar yadda yake yi in an kusanto da waya. A ɗaki mai ƙunci zai matse ka, don haka kada ka yar da ƙaramin gilashin 18-55 da ke zuwa da kyamarar, shi za ka riƙa ɗaukar taro da shi. In Nikon ka zaɓa, ka kula: D3300 da D5300 ba su da injin saita gani a jikinsu, tsohon gilashin 50mm mai harafin D ba zai saita kansa a kansu ba. Mai AF-S za ka nema. Masu sayarwa da yawa ba za su gaya maka ba, wasu ma ba su sani ba.

Ko daga Duwala aka kawo maka ita, ko ka tsallaka Yola ko Kano, kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Ƙananan kyamarorin nan an ƙiyasta ƙofar haskensu za ta buɗe ta rufe kusan sau 100,000, saboda haka ka tambayi adadin da ta riga ta yi. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanto maka. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka girmama hoton sosai a allo, duk ɗigon ƙura ko tabo zai fito. Ka haska gilashin da tocila ka duba ko akwai hazo ko zaren fumfuna a ciki, musamman kayan da suka zauna a danshin Duwala. In da naira za ka saya, ka canja kuɗin ranar sayen, ba ta zama wuri ɗaya.

Yanzu haske, wanda a nan ne kuɗin yake ɓuya. Ranar Garwa da tsakar rana maƙiyiyar mai hoto ce. Mutum baƙi cikin farar babbar riga ƙarƙashin ranar azahar, kyamara ko wace iri ce sai ta zaɓi ɗaya: ko riga ta fito fuska ta nutse, ko fuska ta fito riga ta ƙone fari fat babu aikin zare ko ɗaya. Maganin ba ya cin kuɗi. Ka shigar da shi inuwa, bakin zaure ko ƙarƙashin darbejiya inda rana ba ta ɗiga ta cikin ganye, fuskarsa tana kallon wajen da haske yake shigowa. Ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko abin kare gilashin mota mai ƙyalli daga ƙasa, ya mayar da haske ƙarƙashin ido da haɓa. Ka saita gani a kan idon da ya fi kusa da kai. Mutum ɗaya ka buɗe gilashi, taron mutane ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na sahun baya za su fito dishi-dishi, kuma galibi dattawa ne a tsaye a can. Bayan la'asar sakaliya da sanyin safiya su ne lokutanka. Hazon hunturu ma da kowa ke kuka da shi yana tausasa rana, yana ba da haske mai laushi da masu ɗakin hoto ke kashe kuɗi su kwaikwaya. Don bikin dare, fitila ɗaya irin Godox TT600 mai cin batir ƙanana ta isa, ka harba ta silin ko farin bango, kada ka doka wa mutane ita a fuska.

Hazon nan dai shi ne kuma ajalin kayan aiki. Kada ka sauya gilashi a fili daga Disamba zuwa Fabrairu, ka shiga ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ban so ka fara da kyamarar da ba ta da madubi a cikinta irin Sony ɗin ba, don da ka cire gilashi farantin da ke karɓar haske yana nan tsirara. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, kada ka bar ta cikin but ɗin babur ko mota.

Kuɗin yau da kullum ba a biki yake ba. Yana cikin ɗan hoton 4x4, irin na fasfo, da kowane takardun makaranta, na jarrabawar CEP, BEPC, Probatoire da Bak, na neman aiki da na gasar shiga aikin gwamnati suke nema. Shagonka yana bakin kasuwa, mutane suna wucewa. Farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya, da ƙaramar firinta irin Canon Selphy, ka buɗe sabuwar ƙofar ciniki ba tare da ƙarin haya ba. Kwalin takardarta mai lamba KP-108IN yana zuwa da takarda 108 haɗe da launinsu, kowace takarda tana ɗaukar 4x4 guda shida. Ka raba kuɗin kwalin gida 100, ka bar takwas na ɓarna, ka san abin da kowace takarda ta ci maka. Na fi son ta a kan firinta mai tawadar ruwa ga mai farawa, domin a bushewar iskarmu tawada tana daskarewa a bakin injin in an kwana biyu ba a buga ba. Kada ka raina wannan aikin. Samuel Fosso, haifaffen Kumba, ya buɗe ɗakin hotonsa a Bangui a 1975 yana ɗan shekara 13. Hoton fasfo da na biki yake yi da rana, ragowar fim ɗin da ya saura yake ɗaukar kansa da shi da dare, kuma waɗannan ragowar su suka kai sunansa duniya.

Ka riƙe kalandarka: komawa makaranta a Satumba, bikin matasa na 11 ga Fabrairu, 8 ga Maris da mata ke fitowa cikin atamfar ranar rukuni-rukuni, ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, sallah ƙarama da babba da hawan dawakai a ƙofar Lamiɗo. Wanda ya iya miƙa hoto a hannu nan take a irin waɗannan ranaku ba ya komawa gida haka nan. Ka dai kiyayi juya kyamara wajen sojoji, shingen bincike da gine-ginen hukuma.

Batun gyaran hoto, wanda ka ce shi ka fi jin daɗi: nan ne masu sha'awa ke karyewa in sun koma sana'a, don ba sa sa wa lokacinsu kuɗi. A ce ka ɗauki hoto 300 a biki, kowane ka ba shi minti biyar. Awa 25 ke nan kana zaune, shago yana hannun yaro. Tun wajen ciniki ka faɗi adadin da za ka gyara, misali 50 zaɓaɓɓu, sauran a gyara musu haske da launi a dunƙule. Ba sai ka ɗaura wa kanka biyan Adobe duk wata ba tun yanzu. Canon tana ba da Digital Photo Professional kyauta, Nikon tana da NX Studio, ga Snapseed a waya. Kuma ka rage hasken allonka in kana gyaran abin da za a wanke, in ba haka ba takarda za ta fito da duhu ka rasa dalili.

Za a ce maka "ka ɗan haska ni". Za a faɗa da yawa. Ra'ayina, ka cire ƙurji da gumi da abin da zai tafi da kansa cikin mako, ka bar launin fata da zanen fuska yadda Allah ya yi su. Fuskar da aka goge ta zama kamar roba tana burgewa a ƙaramin allon waya, amma in an wanke ta babba aka rataye, dangin miji za su tambaya wace ce wannan, kuma sunanka ne a ƙasan hoton. In wadda ka ɗauka ta nace, kuɗinta ne, ka yi kaɗan, ka daidaita wuya da hannu da fuska. Hoton 4x4 kuwa kada ka taɓa shi. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, don in ka tura kai tsaye yana matse hoton.

Biki ka fara shi a bayan wani. Ka bi gogaggen mai hoto ka riƙe masa fitila sau da dama, ka ga inda ake tsayawa lokacin ɗaurin aure da lokacin kai amarya. In ka fara karɓar naka, rabin kuɗi kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, saura kafin ka miƙa hotuna, ko da ɗan gwaggonka ne ango, don bashin biki in an watse ba ya dawowa da daɗi. Gidaje da yawa ba za su bar namiji ya shiga wajen kamu ko lalle ba, saboda haka in kana da ƙanwa mai natsuwa ka koya mata, kasuwar da ke can ciki ta fi ta waje rashin masu gasa. Hoton matar mutum ko 'yarsa kuma ba ya hawa Facebook ko TikTok don talla sai an ba ka izini a fili, har da na maigida inda al'adar gidan ta buƙaci haka. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya rufe maka unguwa guda. Daren bikin, kafin ka kwanta, ka kwafe hotunan wuri biyu.

Kuɗin hoto ka ware masa littafinsa da aljihunsa, kada ya gauraya da na caja. Duk aikin da ka yi ka rubuta abin da ya shigo, takarda, man babur, ladan yaro, da awannin da ka ci, ka kuma cire wani kaso ka ajiye na gyara da canjin kaya. Ka fara a Satumba, ka duba littafin bayan 20 ga Mayu. In hoton ya mayar da abin da ka zuba masa, kuma kana mayar da wasu ayyukan saboda kayanka sun gaza, misali ana neman bidiyon biki ko aikin dare da tsohuwar kyamarar ba ta iyawa, to a lokacin ka sayi babbar daga aljihun hoton, ka bar ƙaramar a hannun ƙanwarka.