Manhajar hoton taurari da madubin da ke lanƙwasa

Tambaya: Malam, hotunan wayata suna fitowa dishi-dishi. Kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Maiƙon yatsanka ne. Goge gilashin.

Tambaya: Na ga manhajar da ke cewa tana gyara hoton taurari kamar yadda madubi mai lanƙwasa ke yi a manyan na'urorin hangen nesa. In saya?

Amsa: Riƙe kuɗinka, ɗan'uwa. Wannan talla ta ishe ni. Hasken tauraro lafiya lau yake tahowa, sai ya shigo iskar duniya, mai zafi da mai sanyi a cakuɗe, ta yamutsa shi. Shi ya sa kake ganin tauraro yana ƙyaftawa. Tun 1953 masanin taurari Horace Babcock ya kawo shawarar a gyara hasken da madubin da ke sauya siffa, sojojin Amurka suka yi ta aikin a asirce, sai a 1991 suka saki bayanin.

Wani irin wannan madubi fata ce siririya, ba ta kai kaurin gashi ba, an shafe ta da alminiyum, an ɗame ta kamar fatar ganga. A ƙarƙashinta akwai ƙananan faranta na lantarki, wani madubin yana da guda 37. Wanda aka ba wuta sai ya janyo fatar da ke kansa, wajen ya ɗan lotsa. Ja kawai suke iyawa, ba sa turawa, don haka ake fara janyo fatar zuwa rabi, ta samu wurin komawa. Wata na'ura na auna karkacewar hasken, kwamfuta na ba da umarni, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. In babu tauraro mai haske a kusa, sai a harba hasken leza sama, wajen kilomita 90, a ƙirƙiri na bogi.

Duk wannan kafin hasken ya isa kyamara ake yinsa. Manhajarka kuwa sai ya riga ya lalace take ganinsa, ta yi masa kwalliya. Ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, ka sa mata lokaci ta ɗauka da kanta. Na faɗa har na gaji.

Tambaya: Sai a kallon sama ake amfani da shi?

Amsa: A'a. A 1997 masu bincike a Jami'ar Rochester sun yi amfani da wannan dabara wajen ɗaukar hoton ƙwayoyin gani a cikin idon mutum mai rai.