Nisan Ƙasaru: Hanyar da Aka Bi ko Layin da Aka Ja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bauchi. A darasin fiziks an koya mana haɗa bekta, wato awon da ke nuna nisa tare da inda aka fuskanta: wanda ya yi kilomita 45 gabas, ya juya arewa ya yi 60, ya ci hanya kilomita 105, amma tazarar da ke tsakanin mafarinsa da inda ya tsaya kilomita 75 ce kawai. To wacce zan duba wajen yin ƙasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Lissafinka daidai ne. Gabas da arewa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, don haka 45 sau 45 da 60 sau 60 suka ba da 5,625, tushensa kuwa 75, domin 75 sau 75 shi ne 5,625.

A mazhabar Imam Malik nisan ƙasaru barid huɗu ne, wato mil 48, kamar yadda ya zo a Risala. Malaman wannan zamani sun ƙiyasta shi da kilomita 80 da 'yan kai, suna ɗan saɓani kan tsawon mil ɗin. Ka ga misalinka ya faɗa daidai wurin da ake buƙatar hukunci: 75 bai kai ba, 105 ya wuce.

Abin lura shi ne hanyar da mutane ke bi. Magabata da tafiyar raƙuma da zango-zango suka auna tafiya, kuma sauƙin an yi shi ne domin matafiyin da ke kewaye dutse da kogi da ƙafarsa ko motarsa. Layin kilomita 75 ɗin nan tsuntsu ne kaɗai ke binsa. Idan hanyar garin ita ce mai 105, ka yi ƙasaru da zarar ka wuce gidajen gari.

Sai dai kada ka ɗauka duk kilomitar da mota ta ci ana lissafa ta. Wanda ya je ƙauye mai nisan kilomita 50 ya dawo, ya ci 100, a wajen malamin fiziks tazararsa sifiri ce, a fiƙihu kuwa 50 ce, domin zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ba a haɗa shi da dawowa. Wannan zai cika sallarsa. Haka wanda ke da gajeriyar hanya ya bar ta ya bi doguwa ba tare da uzuri ba, Mukhtasar Khalil ya hana masa ƙasaru. In kuwa gada ce ta karye da damina, ko ana tsoron 'yan fashi, uzuri ne karɓaɓɓe, doguwar ake lissafawa.

Kuma dole tun farko ya yi niyyar tafiyar gaba ɗayanta. Mai neman ɓatacciyar saniya, wanda bai san inda zai tsaya ba, ba ya ƙasaru da wannan yawon.

Tafiya irin ta Bauchi zuwa Gombe ta hanyar Alƙaleri ba ta buƙatar wannan dogon lissafi, ta wuce nisan ta kowace fuska.

Wallahu a'alam.