Kututturen gonarka bai mutu ba: amsa ga manoman Filato

Wani manomi daga Mista Ali, nan kusa da Jos, ya aiko yana cewa: "Malam, na yi sabon sassabe a gindin dutse. Duk shekara sai kututturan sun yi toho, ina sarewa suna dawowa. Wane magani zan zuba su mutu gaba ɗaya?"

Ɗan'uwa, kada ka zuba komai. Dajinmu na shan rani ne wata biyar cur, daga Nuwamba zuwa Maris, saboda haka itatuwansa a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye ƙarfinsu. Kan itacen kawai ka sare. Saiwar tana nan da ranta, wata ta shekara talatin tana nutsawa neman ruwa. Dashen da ake rabawa a leda kuwa saiwarsa ba ta wuce tafin hannu ba, shi ya sa rani ɗaya da akuya ɗaya suke gamawa da shi. Wannan tohon da kake yaƙi da shi ya fi dashen nan saurin girma nesa ba kusa ba, kuma ko kwabo ba ka biya ba.

Ka zaga gonar ka zaɓi masu amfani: ɗorawa, marke, ƙirya, taura, madobiya, da kaɗanya in akwai, ko da yake ta fi yawa a gangaren Langtang da Wase. A kowane kututture ka bar rassa biyu zuwa biyar, mafi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran. Da wuƙa ko lauje mai kaifi ake yi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Ƙananan rassan jikin waɗanda ka bari ka aske su har rabin tsayi, ka ɗaura jan ƙyalle don mata masu neman itace su san da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu ka koma ka sake ragewa. Abin da ka datse makamashi ne, ganyen kuma taki.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. A Maraɗi aka fara yaɗa ta a 1983, ta hannun wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, kuma can suna kiranta sassaben zamani. An ƙiyasta cewa gonakin Nijar kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa ta wannan hanya, a ƙasar da ruwan samanta bai kai rabin namu na Jos ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, inuwar ɗorawa tana rage amfanin abin da aka shuka a gindinta, kuma masara da dankalin Turawa ba sa son inuwa. Ka bar masu faɗin kai a kan iyaka, tsakiyar gona kuma ka riƙa yi musu aski kafin damina.

Daga Shendam wani ya ce masu injin yanka katako sun taya madobiya uku da ke gonar gadonsu, ko ya sayar? Ni dai ban ba ka shawara ba. China ake kai yawancinta a yi kayan ɗaki, kuma saran ya yi munin da tun 2017 aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe. Kuɗin zuwa ɗaya ne, ganyenta kuwa shi ke riƙe shanu duk ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare. In itacen sayarwa kake so, dasa itacen turare a busasshen gefen gona, nesa da rijiya da fadama, don shan ruwa gare shi.

Tambayar ƙarshe ta wata baiwar Allah ce daga Laminga: wutar daji ta cinye mata ƙananan itatuwa shekara biyu a jere, ya za ta yi? Baiwar Allah, wuta iri biyu ce. Ta watan Nuwamba, ciyawa da sauran danshi, lasar ƙasa take yi ta wuce. Ta Fabrairu da Maris, wadda masu farautar gafiya ke cinnawa iskar hunturu na kaɗa ta, ita ce mai kashe toho har da manyan itatuwa. Da an gama girbi ki sa a share layi mai faɗin taku biyar kewaye da gonar, a nome gindin kowane ƙaramin itace, kuma ki kai maganar gaban mai unguwa, don layin mutum ɗaya ba ya tare wutar da ta taso daga gonar maƙwabci. Ke ma kina da abin nuna wa mutanen unguwa a kusa: dajin Amurum da ke gefenku, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, hekta 300 ne kacal, amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa. Ki ja su su je su duba kurmin da aka bari a bakin rafinsa cikin watan Maris, sannan su dubi bakin rafin da aka share don noman rani.