Farantin ƙasan giya yana naso ba tsagewa: a liƙe ko a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Mabera, nan cikin Sakkwato. Motata mai giyar otomatik ce, kuma farantin ƙasan giyar, wanda makanikai ke ce ma botom filet, na alminiyon ne. Wata uku ke nan kullum da safe sai in tarar da ɗigon jan mai inda ta kwana. An sauya gasket sau biyu, an shafa silikon, abin bai daina ba. Mun duba ba tsagewa. Makanikena ya ce ƙarfen ne da kansa ke yoyo, a kai shi walda. Shin wanga zance yana yiwuwa? In haka ne, mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana yiwuwa ƙwarai, makanikenka bai yi shaci-faɗi ba. Sai dai kafin ka biya kuɗin walda ko na gam, ina so ka tabbatar ƙarfen ne mai laifin, domin a mafi yawan motocin da ake kawowa da wannan ƙorafi, man daga sama yake gangarowa. Sil ɗin sandar sauya giya, bakin bututun ma'aunin mai, tiyon da ke kai mai lagireto, soket ɗin wayoyin giya, ko zoben washa na notin zubar da mai, duk wanda ya yi rauni a cikinsu, mansa zai bi jiki ya taru a faranti saboda shi ne a ƙasa. Sai a kama faranti da laifin wani.

Gwajin ba tsada. A wanke ƙasan giyar tas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai ko garin alli a jikin farantin da kewayensa. Ka tuƙa motar ta ɗauki zafi, kamar daga gari zuwa Dange ka dawo, sannan a ɗaga ta a duba da tocila. In layin mai ya faro daga sama ko daga bakin gasket, ka san inda za ka nufa. In kuwa ɗigo ya tsiro a tsakiyar fari, ba abin da ya haɗa shi da sama, to naso ne. Idan an riga an kwance farantin, a shafa alli a bayansa, a zuba kananzir a ciki, a ajiye shi awa biyu ko uku. Kananzir ya fi man giya tsinkewa, duk wata kafa zai bi ta, allin kuma zai yi duhu daidai wurin. A zagaye wurin da maka.

Yadda ƙarfe ke naso kuwa, ka dubi sabuwar randa. Ba ta fashe ba, amma bayanta kullum a jiƙe, saboda jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Shi irin wannan faranti zuba shi ake yi, ba buga shi ake yi daga falle kamar na baƙin ƙarfe ba. Alminiyon yana narkewa a wajen digiri 660, kuma in yana ruwa yana shan iskar haidirojin da ke fitowa daga danshi. Da ya fara daskarewa sai ya kasa riƙe ta, ta fito ta bar kumfa ƙanana a ciki. Ga shi kuma yana tsukewa yayin hucewa, inda ya yi kauri sai ya bar gurbi. Masu zubin tukwanen alminiyon a kasuwa sun san wannan sarai, shi ya sa wata tukunyar tana sabuwa take tsattsafo. A masana'anta akan tura wani ruwan roba cikin ƙofofin da injin zuƙe iska, a gasa shi a ruwan zafi mai kusan digiri 90 ya toshe su. Fatar waje ta zubi ita ma a matse take, tana rufe abin da ke ciki. Ranar da dutse ya gurje ta, ko wani ya sa giranda yana kankare tsohon gasket, sai ƙofa ta buɗe. Man giya kuma in ya yi zafi tsinkewa yake sosai. Aikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 80 ne da 95, a bazarar Sakkwato da rana kan wuce digiri 40 kuwa, ga cunkoso ga kaya, yakan zarce haka.

Silikon ba zai magance wannan ba. Aikinsa cike tsakanin fuska biyu da aka ɗaure, ba ya kama ƙarfe mai maiƙo, kuma rarar da ta matso ciki takan gutsure ta toshe filta. Ruwan gwangwani da ake zubawa cikin giya wai yana tsayar da yoyo, shi ma roba yake kumburawa, ba ruwansa da ƙarfe. Ka riƙe kuɗinka.

Walda ce nake ja da makanikenka a kai. Faranti da ya shekara yana jiƙe da mai, ƙofofinsa sun sha. Da wuta ta taɓa, man zai tafaso ya lalata narkakken ƙarfen, a toshe ƙofa ɗaya a buɗe biyar. Ga tsatsar da ke fatar alminiyon, wadda ba ta narkewa sai an haura digiri 2,000, alhali abin da ke ƙarƙashinta ya daɗe da zama ruwa. Mai waldar kabayid in hannunsa bai faɗa ba, sai ka ga rami ya ɓulle ko bakin farantin ya karkace, daga nan ba gasket ɗin da zai zauna. In tsagewa ce ta gaskiya, a nemi mai waldar agon, wato waldar lantarki da ake haɗawa da iskar agon, wanda ya saba da alminiyon. Naso kuwa gam ya fi dacewa da shi.

Sirrin liƙin duk yana wurin fitar da man, a nan ne aka fi yin ha'inci. A kwance farantin, a cire maganaɗisun da ke ciki a goge shi. A wanke da tina, sannan a tafasa farantin cikin rabin durom da ruwan omo, a kwashe maiƙon da ya taso, a sauya ruwa a maimaita. Kada a kuskura a sa sodar yin sabulu, cin alminiyon take yi. Bayan nan a shanya shi a rana tsaka. Wannan kam Allah Ya hore mana ita kyauta. In ya yi zafi ka ga wurin da aka zagaye ya sake baƙi-baƙi, mai ne ke fitowa, a goge da tina a sake shanyawa. Sai ya gasu ya tashi a bushe ƙarau sannan a matsa gaba, ko da abin zai ci yini biyu. Kada a ɗora shi kan garwashi don sauri.

Idan ƙofofin ƙanana ne ƙwarai, akwai wani gam mai suna Loctite 290, kore ne mai tsinkewa kamar ruwa, yana bin kafa da kansa ya daskare a ciki. A shafa shi farantin na da ɗumi, a bar shi ya kwana, a goge rarar. Samunsa ne yakan yi wuya, sai dai a yi saƙo Kano ko Legas. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gam mai tagwayen bututu na ƙarfe, irin J-B Weld na asali mai jinkirin bushewa. A gurje wurin da samfefa mai kaushi, lamba 80, a wuce zagayen da kamar faɗin yatsa biyu ko'ina, a goge da tina, a kwaɓa gam ɗin daidai wa daida, a shafa nan take kafin fatar ƙarfen ta sake rufewa. A danna shi ya shiga, kaurinsa ya kai kamar milimita 2. Yana kamawa cikin awa 4 zuwa 6, amma bai gama nuna ba sai awa 15 zuwa 24. Gam ɗin nan mai minti huɗu da aka fi so a gareji saboda mai mota na tsaye yana jira, ba ya jure zafi kamar wancan, ban ba ka shawararsa ba.

Wasu suna liƙewa ta ciki, hujjarsu ita ce ta nan mai ke shiga. Ni ta waje nake yi. In gam ya ɓare ta waje, ɗigo ne kawai zai dawo. In ya ɓare ta ciki, yana iya toshe filta ko hanyoyin bawul, ka tashi daga gyaran faranti ka koma sauke giyabos.

Wajen mayarwa, a kifa farantin kan gilashi a ga ko bakinsa ya zauna daidai. A sa sabon gasket, a ɗaure notoci ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali. Ƙananan notocin nan galibi ba su wuce niyuton mita 8 zuwa 12, ƙarfin wuyan hannu ne kawai, ba na kafaɗa ba. A duba ƙofar numfashin da ke saman giyar, domin ƙurar hunturu kan toshe ta, iska ta matsu a ciki ta riƙa tura mai ta duk inda ya samu. A zuba irin man da masu ƙera motar suka rubuta, T-IV ne ko WS ko Dexron, kada a gauraya da ka.

In gwajin kananzir ya nuna naso a wuri huɗu ko biyar, ko a kan bakin da gasket ke zama, ko kusa da zaren notin zubar da mai, kada ka wahalar da kanka da liƙi. Ka nemi wani farantin wajen masu kayan Beljiyam, ka tafi da allinka da kananzir ka gwada shi a gabansu kafin ka biya. Kafin a yi gyaran kuma, ka riƙa duba ma'aunin man duk kwana biyu kamar yadda littafin motar ya nuna, in ya sauka a ƙara, musamman in za ka kama hanyar Illela ko Gusau.