Tambayi Likita: Faɗa a asibiti

Tambaya: Likita, na kai mahaifiyata asibiti da zazzaɓi, muka yi awa biyu a zaune, sai ga wani an shigo da shi aka wuce da shi ciki nan take. Ƙanena ya fusata har ya cakumi nas. Wannan ba son kai ba ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, Allah ya ba Mama lafiya. Ɗakin gaggawa ba layin gidan mai ba ne. Ana duba tsananin ciwo ne: wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko jini ke zuba, ko mai ciki da ke jijjiga, shi ake fara gani ko da shi ya zo ƙarshe. Laifinmu a nan shi ne shiru. Da wani ya leƙo ya ce an auna Mama, ba ta cikin haɗari, da wuya ƙanenka ya kai hannu. Amma ka faɗa masa, lokacin da aka ɓata wajen raba rigimar, daga na marasa lafiya aka cire shi, har da Mama. In akwai ƙorafi, manyan asibitocin gwamnati na da teburin SERVICOM, wato wurin karɓar koken jama'a, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Tambaya: Ni nas ce. Mijin wata mara lafiya ya mare ni a aikin dare. Shugabarmu ta ce in yi haƙuri, haka aikin yake. Tun ranar ba na barci sosai. (Daga Gombe)

Amsa: Sannu 'yar uwa. Ba haka aikin yake ba, mu ne muka saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya na shan duka a wani lokaci na rayuwar aikinsu, ban da zagi da barazana. Ki rubuta rahoto da rana da lokaci da shaidu, ki ajiye kwafi. Likita ya duba ki ya rubuta abin da ya gani, musamman in kunnen na ƙara ko jinki ya ragu, don mari na iya fasa dodon kunne. Ki sanar da ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Zuwa wurin 'yan sanda ma haƙƙinki ne. Abin da ba a rubuta ba, hukumar asibiti za ta ce bai faru ba, kuma ba za a ƙaro mai gadi ba.

Nan gaba, in mutum ya fara ɗaga murya, ki sassauta taki, ki ja baya, ki tsaya ta wajen ƙofa. Kada ki isar da labarin rasuwa ke kaɗai. (Ni kaina sai na zaunar da dangi tukuna nake buɗe baki.) Rashin barcin nan kuwa, in ya kai wata guda ko kina fargabar shiga ɗakin da abin ya faru, ki ga likitan ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Babanmu mai ciwon suga ne, dattijo mai sanyin hali, amma a asibiti ya kai wa nas duka. Kunya ta ishe mu. (Daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ku daina jin kunya, ciwo ne. Faɗuwar suga, zazzaɓi mai zafi ko matsalar ƙoda kan rikita tunani. Duk sanda Baba ya canza hali farat ɗaya, a fara auna sugansa kafin komai, kuma wani da Baba ya sani ya kwana kusa da shi.