Ciwon damuwa ya hana ni fara komai, yaya zan yi?

'Yar'uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce likita ya tabbatar kina da ciwon damuwa, ga rubutun kammala karatu ya tsaya, kullum sai gobe, dare ya yi kuma fargaba ta hana ki runtsawa.

Ki daina kiran kanki malalaciya. Ciwon ne ke kashe jiki, ya hana hankali tsayawa wuri guda. Kin ɗage aiki, kin zargi kanki, zargin ya ƙara miki nauyin ƙirji, washegari farawa ta fi wuya.

Kada ki jira sai ranki ya so, domin sau da yawa sai an motsa kuzarin ke zuwa. Da hantsi ki buɗe littafin, ki rubuta ko layi biyu ne, minti goma kacal, ki tashi. Wayar ki bar ta a wani ɗaki. In ƙawa za ta zauna kusa da ke tana nata aikin, wallahi yana rage nauyi. Ki riƙa fita kina ɗan takawa.

Maganin asibiti yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kada ki yanke shi da kanki. Tramadol da kodin kuwa ki yi nesa da su. Addu'a ki riƙe ta tare da maganin.

In tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki faɗa wa wani na gida yau ɗin nan, ku tafi asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato.