Allurar kashe zafi a asibitin haƙori: amsoshin wasiƙunku

Daga wani magidanci a Funtuwa: "Assalamu alaikum. Shekaruna 54, ina shan maganin hawan jini. Haƙorina na ƙasa can ciki ya ruɓe, ya hana ni barci. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce zai yi mini allura ya cire shi a kuɗi kaɗan. Asibiti kuwa sai na yanki kati, na bi layi, na biya ninkin haka. Abin da ke ba ni tsoro, maƙwabcina ana yi masa allurar ya sume. Ina zan nufa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Asibiti za ka nufa, ko da sai ka ranci kuɗin mota.

Maganin da aka fi zubawa a dasashi sunansa lidoken. An samar da shi a ƙasar Suwidin a 1943, ya shiga kasuwa a 1948, kuma tun daga lokacin ake aiki da shi a ko'ina. Tsohon magani ne da aka san halinsa ciki da waje. Ba ya sa barci. Jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa yake toshewa na ɗan lokaci. Za ka ji ana danna haƙorin, za ka ji ana girgiza shi, har ƙararsa za ka ji a kunne, amma zafin ba zai zo ba.

A asibitin haƙori yakan zo a 'yar siririyar kwalbar gilashi mai mililita 1.8, cikinta akwai miligiram 36 na lidoken da ɗan ƙanƙanin adirenalin. Adirenalin ɗin shi ke tsuke ƙananan hanyoyin jini a wurin, don maganin ya zauna kimanin awa ɗaya a haƙorin, jini kuma ya ragu. To nan ne maganarka ta shigo. Mai hawan jini da ke shan maganinsa, jininsa a daidaice, ana yi masa wannan allura lafiya lau. Mai ciwon zuciya mai tsanani kuwa ana taƙaita masa, galibi kada ya wuce kwalba biyu, ko a canza masa da wani maganin da babu adirenalin a ciki, irin su mefibaken. Wanda zai yanke wannan hukunci sai ya auna jininka, ya ga kwalayen magungunan da kake sha. Ka tafi da su a leda. Idan akwai asfirin ko wafarin ko wani mai tsinka jini a ciki, ka faɗa tun kafin ka buɗe baki, kuma kada ka daina sha da kanka.

Idan ka zauna a kujerar, ka lura da hannun likita. Bayan ya soka allura, kafin ya tura maganin, zai ɗan ja bayan sirinjin yana kallon kwalbar. Jini yake dubawa. Idan ja ya ɓulla a ciki, bakin allurar ya shiga hanyar jini ke nan, sai ya gyara mata wuri. Sannan ya tura maganin a hankali, wajen minti guda. Wannan ɗan motsin yatsa shi ne abin da kake biya. Idan maganin ya zarce cikin jini kai tsaye, zuciya takan yi ta dukan uku-uku, hannu ya yi rawa, ko da yake yakan lafa cikin 'yan mintoci. Idan kuma an zuba fiye da ƙima, sai mutum ya fara jin ƙara a kunne, ɗanɗanon ƙarfe a baki, magana ta harɗe, har ta kai ga jijjiga. Ba ya yawan faruwa, amma ranar da ya faru ana buƙatar iskar numfashi ta asibiti da mutanen da suka san abin yi a take. Babu ko ɗaya a bayan kantar kemis.

Maƙwabcinka kuwa, mafi rinjayen zato suman tsoro ya yi. Shi ne abin da ya fi faruwa a ɗakin haƙori, kuma tsoro da yunwa da zafin gari ke haɗuwa su kawo shi. Gumi ya keto, ido ya yi duhu, mutum ya sulale. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, cikin minti ɗaya ko biyu ya farfaɗo. Mutane da yawa bayan haka sai su riƙa cewa "allurar ba ta karɓe ni ba", su yi shekaru suna gudun asibiti. Ƙin magani na gaskiya daban ne: borin jini a jiki, leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya riƙa shaƙewa. Da lidoken wannan ba kasafai ake ganinsa ba. Mai asma dai ya sanar da likita, domin akwai sinadarin da ake sa wa don adana adirenalin wanda ke tayar wa wasu masu asma ciwo. Ka karya kumallo, ka sha maganin hawan jininka kamar kullum, sannan ka tafi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: kayan aiki. Filayar cire haƙori da aka ɗauraye da ruwan Dettol ba ta tsarkaka ba. Sai an turara ta a tukunyar tururi mai tsananin zafi. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jini daga bakin wani zuwa bakin wani. Araha ba ta ado, Alhaji. Idan kuɗi ne matsala, sashen haƙori na babban asibitin gwamnati ya fi na 'yan kasuwa sauƙi. Idan na kuɗi ka zaɓa, kana da haƙƙin tambayar ko likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN.

Daga wata baiwar Allah a Bauchi: "Kumatuna ya kumbura, na je a cire mini haƙori. An yi mini allura har sau biyu, amma likita yana taɓawa na yi ihu. Ya ba ni magani ya ce in dawo. Maigidana ya ce allurarsu jabu ce, zai sayo mai kyau in tafi da ita. Wacce za mu saya?"

'Yar uwa, kada ku sayi ko ɗaya. Ki gode wa maigida da kulawarsa, ki karanta masa wannan.

Inda mugunya ta taru, naman wurin yakan yi tsami, kuma a cikin tsami mafi yawan lidoken ba ya iya ratsa fatar jijiya ya shiga. Ga jini ya ƙaru a wurin yana kwashe maganin da sauri, ga jijiyar kanta ta fusata saboda kumburi. Allura mai kyau a hannu mai kyau takan gaza a irin wannan hali. Haƙoran ƙasa na ciki sun fi wuya, saboda ƙashin muƙamuƙin ƙasa yana da kauri, magani ba ya ratsa shi. Dole likita ya je can ƙuryar baki ya nemo babbar jijiya, kuma ba ganinta yake yi ba, da alamomin ƙashi yake lalube. Alamar ya samu ita ce rabin leɓenki na ƙasa ya yi nauyi kamar ba naki ba, gefen harshe ma haka. Idan bayan minti biyar zuwa goma leɓe bai mutu ba, ki faɗa masa kafin ya ɗauki filaya. Yana da dabaru: ya ƙara wata a gefen haƙorin, ko ya yi amfani da atiken wanda ya fi ratsa ƙashi, ko ya fara fitar da mugunyar.

Wadda ake sayarwa a kemis galibi babbar kwalba ce ta ɗinkin rauni, da yawa babu adirenalin a ciki, a baki kuwa irin wannan ba ta jimawa take sakin mutum. Mai adirenalin ɗin ma zafi da hasken rana suna ɓata ta, kuma ba ki san watanni nawa ta yi a kanta ba. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki roƙi likita ya nuna miki kwalin, ki duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC. Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Ki koma ranar da aka ce ko da ciwon ya lafa, domin ƙwayoyin da aka ba ki ba sa kawar da tushen ciwon. Kada ki cusa asfirin ko kanwa ko ruwan batir a kogon haƙorin, ƙona dasashi suke yi. Kanumfari yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Amma idan kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya doshi ido, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko baki ya ƙi buɗuwa ga zazzaɓi, kada ki jira ranar. A daren nan a kai ki ɗakin gaggawa, domin irin wannan kumburin yana toshe hanyar numfashi.

Daga wata uwa a Zariya: "Jaririyata mai wata takwas tana fitar da haƙori, an ce in sayi man shafawa a dasashi mai kashe zafi. Sannan yayanta ɗan shekara shida an cire masa haƙori, washegari leɓensa ya kumbura da farin gyambo. Allurar ce ta ƙona shi?"

Maman yara, bar man nan a kanta. Ki duba jikin kwalin, idan kin ga an rubuta benzocaine, a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba. Yana iya sa jini ya kasa ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi, yaro ya yi laushi. Mai lidoken ma haɗari ne ga jariri, don haɗiye shi yake yi. Ku mutanen Zariya ba sai an tuna muku da 2008 ba, lokacin da maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, wasunsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello aka kwantar da su. Ki wanke hannu ki murza mata dasashi da yatsa, ko ki ba ta tsaftataccen ƙyalle mai sanyi ta tauna. Zazzaɓi mai zafi da gudawa kuma kada ki ɗora wa haƙori, a kai ta a duba.

Yayanta cizon leɓensa ya yi. Haƙori yakan farfaɗo bayan awa guda, amma leɓe da harshe sukan kai awa uku zuwa biyar a mace. Yaro ya ji abu mai kauri a bakinsa, sai ya yi ta taunawa yana wasa da shi, ba ya jin zafi. Gyambon yana da muni a ido, amma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ki riƙa tsaftace wurin, ki rage masa yaji. Nan gaba ki zauna kusa da shi har bakin ya saki, kada a ba shi abinci ko shayi mai zafi kafin nan. Kuma ki tabbata an ɗora shi a sikeli kafin allura, domin da nauyin jiki ake lissafa ta: likitocin haƙoran yara da yawa suna tsayawa a miligiram 4.4 kan kowane kilo, wato yaro mai kilo 20 bai kamata ya kai kwalba biyu da rabi ba.

Daga wani ɗalibi a Jos: "Mako biyu da cire mini haƙorin ƙarshe na ƙasa, har yau gefen harshena a mace yake. In sayi bitamin na jijiya?"

Ɗana, kuɗin bitamin ɗin ka yi kuɗin mota da shi ka koma wurin wanda ya yi aikin. Jijiyar harshe tana kwance dab da inda allura ke bi, dab kuma da saiwar wannan haƙori, ko wanne a cikinsu yana iya taɓa ta. Mafi yawan masu irin wannan suna warkewa cikin kimanin mako takwas ba tare da an yi komai ba, kuma babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa bitamin na gaggauta hakan. Amfanin komawa shi ne a gwada iyakar wurin da ya mutu a rubuta, a riƙa kwatantawa. Idan babu ci gaba, ko ya koma zugi da ƙuna, ka nemi a tura ka sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ba tare da jan ƙafa ba, domin gyaran jijiya ya fi nasara a watannin farko. Kafin nan ka tauna ta ɗaya ɓangaren, ka gwada zafin shayi da leɓe tukun.

Wasu sun tambayi hukuncin allurar ga mai azumi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi muddin ba a haɗiye komai ba. Ku tuntuɓi malamanku don ƙarin bayani. Ta fuskar lafiya, mai ciwon suga ko mai yawan jiri gara ya nemi lokaci bayan shan ruwa.

Daga wata mai juna biyu a Maraɗi: "Cikina wata biyar. Uwar mijina ta ce allurar za ta taɓa ɗan, in yi ta shan maganin ciwo har in haihu."

Ƙanwata, Inna tsoron alheri take yi miki, amma shawarar ta fi allurar haɗari. Lidoken a ma'aunin aikin haƙori ana yi wa masu ciki da masu shayarwa, kuma wata huɗu zuwa shida da kike ciki shi ne lokacin da ya fi dacewa. Ruɓaɓɓen haƙori mai tara mugunya na tsawon wata huɗu, ga rashin barci da rashin cin abinci, shi ne abin gudu. Magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak kuma ba su dace da ke ba, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, domin suna iya taɓa ƙodar jariri da hanyoyin jininsa. Farasitamol za ki riƙe kafin ki ga likita, bisa ma'aunin da aka ba ki a wurin awo. Ki tafi da katin awonki, ki faɗi watannin cikin tun a bakin ƙofa, kuma idan an kwantar da kujera ki ce a tokare miki ƙugun dama da matashi don ki ɗan karkata hagu. In da hali, ki roƙi Inna ta raka ki ta ji bayanin daga bakin likita.